Lambar Jela

Tun rana ba ta leƙo ta bayan duwatsu ba
muka jingine akori-kurar Orval a jikin shingen waya,
daidai inda kwalta ta gaji, yashi ya karɓe ta.
Kudancin Kalifoniya ne, can ƙasa,
inda in ka yi tari da ƙarfi
sai a yi maka sannu daga Meziko.

Filin ba wani fili ba ne.
Titi guda, ya tsattsage kamar diddigen manomi,
tankin mai, rumfar kwano,
sai jakar iska mai ruwan lemo
da ta yi laƙwas a kan sanda, ba ta da labari.

Orval ya shekara ashirin da biyu yana ɗaure noti
a ƙarƙashin farfela,
har ƙara ta cinye masa kunnuwa.
Yanzu da tafin hannu yake ji.
Yakan ɗora shi a kan murfin mota, ya lumshe ido
kamar mai auna zazzaɓin yaro.

Ni nawa littafi ne da guntun fensir:
rana, ƙarfe nawa, launi, lambar jela.
Remedios takan ce, me za ka saya da lambobin nan?
Na raba wasiƙu shekara talatin, na sani,
mai tara kan sarki ba saƙo zai aika ba.

Yau jikata Itzel ta biyo mu.
Kafin hantsi ta gaji da sama,
ta kwanta rub da ciki tana ƙirga ƙadangaru.

Ƙarfe tara.
Sha ɗaya.
Ruwan gora ya yi ɗumin wanka,
rediyo na ta cuwa kamar mai a kasko.
Ungulai uku na gaske suka kewaya mu,
ba su da lamba, ban rubuta su ba.
Kawalwalniya ta malala tafki a ƙarshen titi,
tafkin da ko tsuntsu bai taɓa sha ba.

Na naɗe kujera, na ce yau ba rabo.
Orval bai ɗaga hannunsa ba.
Ya ce, dakata. Guda ne. Mai nauyi.

Ƙirjina ya riga kunnena ji,
kamar an kafa turmi a ciki ana daka.
Sai ɗigo a tsakanin duwatsu biyu,
ɗigo ya zama ƙuda,
ƙuda ya zama gida sukutum yana saukowa
da cikinsa mai launin toka.

Na kafa tabarau. Bakwai. Sifiri. Huɗu.
Sai ƙasa ta tashi tsaye.
Hulata ta tafi ba sallama,
jela ta nutse cikin ƙura,
lamba ta yanke a hannuna kamar zaren da bai kai ba.

Daga wajen ƙafafuna murya ta ce,
ɗaya da tara, Kaka!
Ashe a ƙasa, inda ƙadangaru suke,
ƙurar ta bar taga.

Minti takwas suka yi.
Sojoji biyu suka ja bututun mai a guje,
wata ta zauna a bakin ƙofa tana gatsar tuffa,
ta ɗaga mana hannu da ragowar.

Na nuna wa Orval shafin.
Ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi.
Ya ce, akwai ɗan lotsawa a ƙasan ƙofar hagu,
sifanata ce ta suɓuce, tun yana sabo.
Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ya tashi, ya sunkuyar da hanci, ya bi yamma.
Shiru ya dawo ya zauna a wurinsa.
Orval bai cire hannu daga murfin mota ba
har sai da ƙarfen ya daina faɗa masa komai.

Da daddare na buɗe littafin a kan tebur,
yashi ya zubo daga tsakanin shafuka.
Remedios ta share shi da gefen hannu,
ta ce, to, me kuka samo?
Itzel, baki cike da wake, ta ce,
ƙadangare goma sha shida.